Lamba Tara Ba Ya Murna

Zuwa ga jikana mai buga ƙwallo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ba lalle ka gane hannun nan ba. Ni ne ƙanen kakanka, wanda ya yi aikin gidan waya. Rabona da kai tun zaman makokin mahaifinka, kana ɗan yaro, kana ta harbin ƙunshin tsumma a bayan masu ta'aziyya har na daka maka tsawa. Ga shi dai tsawar ba ta yi aiki ba.

Ni da sauƙi. Ƙafafu sun ƙi, kunne ya yi nauyi, shi ya sa ban nemi lambar wayarka ba. In aka kira ni sai in yi ta "na'am, na'am" har mai kiran ya gaji. Ido da hannu ne suka rage, su ma sai da tabarau. Tun da matata ta rasu ni kaɗai ne a ɗakin nan, daga ni sai agogon bango da butar shayi. Adireshinka wajen goggonka na samu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙofar gidan da nake haya akwai shagon wani mai aski, kuma nan ne iyakar inda ƙafata ke kai ni. Ba aski ke kai ni ba, don ba abin da ya rage a kan. Zuwa nake in ga mutane. Yana da talabijin a saman madubi. Ranar nan yana cikin yi wa wani aski, ya ci rabin kai, sai ya tsaya ya ce, "Baba, ga jininku can! Lamba Tara!" Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Wallahi goshin kakanka ne, da wannan tafiyar tasa ta karkata kafaɗa ɗaya.

Ba a jima ba ka jefa ƙwallo a raga. Shago ya kaure, mai rabin aski ya yi tsalle da ƙyalle a wuya. Kai kuwa sai ka tsaya cik, ka ɗaga tafin hannu biyu kamar mai ba da haƙuri, ka sunkuyar da kai, ka juya kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Abokanka na hawa bayanka, kai kamar turke.

Mai aski ya ce waɗanda ka ci ɗin tsohon kulob ɗinka ne, wai kara ka yi musu. Na gyaɗa kai, amma abin bai zauna mini ba. Ni a sanina, in mutum ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa, ba ya ba da haƙuri. Shin lafiya kake? Ana ba ka haƙƙinka? Kuma wannan karar, doka ce a rubuce ko kuwa halinka ne? Ban san komai a kan sana'arka ba, amma ina so in sani.

Ka gaishe mini da amaryata, ka ce mata mijinta na gaskiya yana nan da rai.

Kakanka.

*

Jikana,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan shirun nan naka na lafiya ne. Tari ya ɗan kama ni, ya sake ni. Kullum in na ji ƙarar babur ɗin mai rabon wasiƙu sai in leƙa, shi kuma ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Tun waccan takarda na sake ganinka ka ci har sau biyu, kuma duk biyun haka ka yi: hannu sama, kai ƙasa. Kowane karo mai aski sai ya ce, "Ai Baba, su ma tsohon kulob ɗinsa ne." Na ce masa, "Kai yaro, ka aske kaina amma kada ka aske mini hankali. Duk duniya tsohon kulob ɗinsa ce?" Shago ya kwashe da dariya. Na gane ɓoye mini wani abu yake yi saboda ya san ina da hawan jini.

Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin mutane. Na san fuskar ma'aikacin da na sama ke dannewa, wanda ba shi da bakin magana don yana ƙasar wasu. Ita na gani a fuskarka. Da ka yi shiru kuma, sai na tabbata.

Mahaifinka ba ya raye, kakanka ba ya raye, babu babba a dangi sai ni. Saboda haka na yi abin da na iya. Wani malamin makaranta da ke zuwa aski ya nemo mini adireshin ofishin kulob ɗinku a wayarsa, ban gaya masa dalili ba. Na rubuta wa shugabanku takardar koke, da harshen ofis irin wanda aka koya mana, ba kure ko ɗaya. Na shaida masa cewa kai maraya ne amma kana da mai tsaya maka. Na ce duk mai ido ya ga ba ka jin daɗin zama a wurinsu, kuma in ba za su iya riƙe ka da mutunci ba, su sallame ka ka nemi inda za a san darajarka. A zamanina na rubuta wa mutane irinta da yawa, kuma ba kasafai take faɗuwa ƙasa banza ba.

Ka kwantar da hankalinka. Ba kai kaɗai ba ne.

Kakanka.

*

Kaka,

Ina gaishe ka da kyau, ya ƙarfin jiki, ya tarin? Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya. Amaryarka ta amsa, ta ce in ka shirya biyan kuɗin cefane ka zo ka ɗauke ta.

Na tuna ka sarai, har da tsawar. Wallahi da na ga hannunka sai da idona ya kawo ruwa. Shirun ba da gangan ba ne. Adireshin da Goggo ta ba ka na gidan da na bari ne tun ƙaura biyu da suka wuce. Takardunka sun yi ta yawo daga mai gida zuwa tsohon kulob, daga can zuwa wani, sai shekaranjiya suka iso tare. Wadda ka aika wa shugaba kuwa ba ta yi yawo ba, kai tsaye ta je.

Kaka, mai askinka gaskiya ya gaya maka. A sana'armu, in ka ci waɗanda ka taɓa sa rigarsu, ba ka murna. Ba a rubuce take ba, ba mai cin tararka, wasu ma ba su damu da ita ba. Ni dai haka na taso na gani. Mutanen da suka taɓa rera sunanka, ba ka yi musu rawa a fuska ranar da ka sa su kuka.

Inda ka ƙi yarda kuma, nan ne gaskiyar ta fi ɗaci. Wannan kulob shi ne na goma a rayuwata. Na fara a wata ƙasa inda muke kwana a ɗaki ɗaya kamar kifin gwangwani. Na je wata mai sanyi inda ƙwallo ke zama dutse, na ƙare shekara a benci cikin bargo. Na je wata mai kuɗi inda ba 'yan kallo, har tarin koci kana ji daga tsakiyar fili. Daga nan na zo ƙasar nan, na yi ta zagaye cikinta. Ɗan wasan gaba haka yake: in kana ci, babba ya saye ka, in ka daina, a ba da aronka ga ƙarami. Ko ta ina jaka na hannunka. A gasar da muke bugawa yanzu, kulob shida na taɓa yi wa wasa. Bana kuma kamar da gayya, duk ƙwallayen da na ci a ragarsu suka faɗa.

To ga inda matsalar take. Ba wanda ke danne ni a nan. Nan ne ma wuri na farko da nake so in zauna. Shekaruna sun ja a lissafin ƙwallo, gwiwata ta dama an taɓa yanka ta. 'Yarmu ta canza makaranta har ta daina tambayar sunan 'yan ajinsu, sai a nan ta yi ƙawa. Amaryarka da ba ta buɗe kwalaye in mun sauka gari, a gidan nan har ƙusa ta kafa a bango ta rataya hoto. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen kakar wasan nan, kuma ana cikin maganar sabuntawa.

Sai shugaba ya kira ni ofis. Ga takardarka a kan tebur, ya danne ta da kofin shayi. Ya ce, "Ashe ba ka jin daɗin zama da mu? Har sai an rubuto daga gida?" Na rantse masa ban san da ita ba. Ya ce dama magoya baya na ta gunaguni, wai Lamba Tara bai taɓa yi musu murmushi ba, zuciyarsa na wani wuri. Ya ce tun da ya karanta ya fara amsa wayar wasu kulob da ke tambayata. An ajiye maganar sabuntawa sai an gama wasanni.

Ban yi fushi ba, Kaka. Rabon da wani ya tsaya mini haka har na manta. Amma don girman Allah ka ajiye alƙalamin nan. In za ka rubuta, ni za ka rubuta wa. Ga adireshi na gaskiya a bayan ambulan.

Jikanka.

*

Jikana,

Na samu takardarka, na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma jiki ya yi dama, sai dai kunya da ta hana ni fita kwana da kwanaki. Garin neman gira na kusa tsone maka ido.

Da na fita na ba mai aski haƙuri a gaban jama'a. Ya ce ba zai haƙura ba sai na zauna ya yi mini aski. Ya yi ta yawo da inji a kan da ba gashi, yana cewa, "Baba, a rage gefe ko a bar shi?" Na ƙyale shi, ya ci bashinsa.

Na rubuta wa shugabanku takarda ta biyu don in janye ta farko. Kada gabanka ya faɗi, ban aika ba. Na nuna wa mai aski, ya karanta, ya ninke, ya jefa cikin durowar da yake ajiye reza ya kulle. Ya ce sai ranar da ka sa hannu a sabon kwantiragi zai ba ni.

Abin da ka faɗa game da kwalaye ya taɓa ni. Mu ma a gidan waya haka aka yi ta jifa da mu daga gari zuwa gari. Da ka fara sanin wane ne ke jiran takardar ɗansa, wace ce ke jiran ta mijinta, sai canjin wurin aiki ya zo. Marigayiya tana da wani kwali da muka yi ta ɗauka ba mu taɓa kwance igiyarsa ba. Da na yi ritaya na duba, ba garin da ya san ni. Ɗakin nan ma don yana kusa da asibiti na kama shi. Ashe abin da na ƙi yarda da shi a kanka, shi na yi rayuwata a ciki. Sai dai mu ba mai sayenmu, kyauta ake tura mu.

Yanzu tunda an hana ni koke, bari in yi tambaya, don abin ya fara shiga raina. Na lura kai ka fi kowa zaman banza a filin nan. Sauran na ta gudu suna zufa, kai kana tafiya a hankali kusa da manyan ƙartin can na baya kamar mai jiran mota. Aikin ke nan, ko gwiwar ce? Na biyu, mutumin nan mai tuta a gefe, me ka yi masa? Da ka ruga sai ya ɗaga. Na uku, in ƙwallo ta taho maka ga raga ga mai tsaron gida, me ke cikin kanka? Kana zaɓen kusurwa ne ko ƙafar ce ke zaɓa? Na ƙarshe, su waɗanda kake yi wa karar, suna gode maka kuwa?

Ka gaya mini yadda maganar zaman take. Ita nake kwana da ita nake tashi.

Kakanka.

*

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, gwiwa na kumbura bayan wasa amma ƙanƙara na kwantar da ita. Ka gaishe da mai aski, ka ce ya riƙe makullin nan da kyau.

Na yi dariya da zaman banza. Koci ma haka yake cewa. Ba zama nake ba, sa su nake su manta da ni. Mai tsaron baya mutum ne, in ka yi ta tafiya a gefensa kamar ka gaji, idonsa zai koma kan ƙwallo. Ranar da ya kalli ƙwallo bai kalle ni ba, na tafi. Mai tuta kuwa ba gaba muke ba. Doka ta ce kada in riga na ƙarshensu wucewa kafin a bugo mini, in na riga shi an ce na yi satar gida. Rayuwata duk a kan wannan taki ɗaya take. Da ina yaro gudu ke fitar da ni, yanzu sai dabara. Abin da ke kaina a gaban raga kuwa, ba komai. Ranar da na yi tunani, ranar nake zubarwa. Godiya kuma, wasu kan tafa mini, wasu su zage ni duk da haka.

Takardarka ta fita daga ofis, ban san ta yaya ba. Yanzu a ɗakin canza kaya ba mai kirana Lamba Tara, sai Maraya. Kyaftin ɗinmu ya haddace ta. In muna cikin mota sai ya miƙe, ya sa tabarau a ƙarshen hanci, ya karanto da muryar tsofaffi: "Mai girma shugaba, yaron nan yana da mai tsaya masa." Mai tsaron gidanmu ya ce in tambaye ka ko za ka rubuta masa tasa, wai shi ma ana danne shi. Ba da mugunta suke yi ba. Gaskiya ma tun da abin ya faru suka fi sakewa da ni.

Shugaba ne bai sake ba. Wasa ɗaya ya rage, a gidanmu, kuma da wa? Da kulob ɗin da gwiwata ta tsinke a wurinsu. Kaka, mutanen nan sun riƙe ni shekara guda ban taɓa ƙwallo ba. Suna iya sallamata, ba su yi ba. Akwai mai gashin ƙashinsu, wani dattijo mai furfura, shi ya koya mini tafiya daga farko cikin ruwa, yana riƙe da ƙuguna kamar jariri. Har yau yana zama a bencinsu.

Jiya shugaba ya tare ni a bakin filin atisaye. Ya ce, "Ranar nan in ka ci, ina so in ga haƙoranka. In ga ka ruga wajen mutanenmu. In ka sake ɗaga musu hannu, na san amsata." Na gaya wa amaryarka. Ba ta ce yi ko bari ba. Cewa ta yi, "Ni dai na gaji da koyon hanyar kasuwa."

Ko in yi rawa a gaban mutumin da ya tashe ni tsaye, ko in sake ɗaure kaya. In ban ci ba kuma, wannan ma amsa ce, don ba mai ajiye tsohon ɗan gaba da ba ya ci. Kai ka san kakana, ni ban san shi ba. Da shi ne, me zai yi?

Jikanka.

*

Jikana,

Lafiya lau nake, sai dai ka yi haƙuri da rubutun. Ina sauri ne ko takardar ta riga wasan isa.

Ka tambayi abin da kakanka zai yi. Yayana direban babbar mota ne, kuma Allah bai halicce shi da kunya ba. Da shi ne, zai yi rawa a gaban bencinsu har hularsa ta faɗi, da an tashi kuma ya bi dattijon nan gida, ya ba shi haƙuri, ya cinye masa abincin dare, su rabu suna dariya. Kowa ya san halinsa, ba mai riƙe shi. Amma goshinsa da tafiyarsa kawai ka ɗauko. Halin nan naka na ɓangarenmu ne, mu masu nauyin baki.

Ni ba zan ce maka yi ko bari ba. Sau ɗaya na sa baki a sana'ar da ban sani ba, ka ga inda ta kai mu. Abu biyu kawai na sani. Duk wanda ka zaɓa, matarka ta ji shi daga bakinka kafin wasa, kada ta gani a fili tare da kowa. Sannan ka je ka gaida dattijon kafin a busa usur, ka kama hannunsa. Wanda ya ɗauki shekara yana gyara ƙafa, ban yi zaton zai ji haushi don ya ga ta yi tsalle ba. Amma wannan zato ne, ban san shi ba.

Zan kasance a shagon tun kafin a fara. Allah ya yi maka zaɓi.

Kakanka.

*

Jikana,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarka ba, don abin da na gani jiya ya fi ƙarfin jira.

Shago ya cika har waje. Mai aski ya rataye injinsa ya ce yau ba aski, ya ba ni kujerar da ke juyawa. Duk unguwa ta san labarin yanzu, har mai sayar da gawayi ya zo. Kafin hutun rabin lokaci mai tuta ya ɗaga maka sau biyu, na ce masa Allah ya isa, aka ce in yi shiru ai da gaskiyarsa. Bayan an dawo na zuba maka ido kai kaɗai. Na ga kana tafiyar nan taka ta gajiya. Na ga ƙaton da ke gadinka ya juya ya kalli gefe. Wallahi kafin kowa a shagon ni na fara cewa, "Ya tafi!" Aka ɗago ƙwallo, ka sa mata goshi, ta shige.

Sai ka yi taku biyu kamar za ka ruga, ka tsaya. Hannu ya tashi. Kai ya sunkuya. Mai aski ya ce, "Shi ke nan, Baba, an ɗaure kaya." Ni kuwa na ji kamar ni na ɗaure su da hannuna.

To daga nan ne ban gane ba. Mai ƙyalle a dantse, kyaftin ɗin naku, ya rugo, maimakon ya hau ka sai ya tsaya gefenka, ya sa hannu a baya, ya sunkuyar da kai. Wani ya zo ya jera. Wani ma haka. Har mai tsaron gidanku ya taho da gudu tun daga wancan ƙarshen fili, ya shiga layi, ya ciro bakin rigarsa yana share hawayen da babu. Kuka jeru kamar masu karɓar gaisuwa. Na ga ka ɗago ka dube su, leɓenka na rawa, kana ta cije shi, sai dariya ta ƙwace maka har ka durƙusa a kan ciyawa. Aka nuno wani mai furfura a ɗaya bencin, shi ma yana riƙe da ciki.

Nan shago ya fashe. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni sai da aka bubbuga mini baya. Amma da na tambayi mai aski ma'anar wannan, sai ya ce shi ma tun da yake bai taɓa gani ba.

Shin ba'a suka yi maka ko ƙauna? Wannan ya shiga lissafin murna ko bai shiga ba? Me shugaba ya ce? Ban rubuta wa kowa ba sai kai.

Kakanka.

*

Kaka,

Ina gaishe ka, ya tarin dariya? Muna nan lafiya. Takardarka ta shawara sai bayan wasa ta iso, ta biyun na biye da ita. Amma ka ga ikon Allah, na gaya wa amaryarka tun da safe cewa na yanke zan yi murna. Dattijon ne ban samu gaisawa da shi ba, motarsu ta makara.

Da niyyar rugawa na shiga, Kaka. Har na zaɓi kusurwar da zan nufa. Da ƙwallo ta shiga na ɗaga ƙafa, sai idona ya faɗa kan bencinsu, na gan shi zaune da jakar bandejinsa a cinya. Jikina ya ƙi. Ban yanke komai ba, hannun da kansa ya tashi. A raina na ce to, sai a fara nemar wa 'yarmu wata makarantar.

Abin da ka gani kuwa, ni ma a wurin na fara ganinsa. Ashe sun shirya a bayana. Kyaftin ya ce sun san ba zan iya ba, shi ya sa suka ce Maraya ba zai yi makoki shi kaɗai ba. Mai tsaron gida kuma yana gefena yana kukan ƙarya yana cewa, "Mai girma shugaba, a tausaya mana." Wa zai iya riƙe dariya? Abin da talabijin bai nuna muku ba, bayan an tashi magoya bayanmu na bayan raga duk suka miƙe, suka sa hannu a baya, suka sunkuyar da kai, sannan suka fashe da kiran Maraya. Dattijon ya same ni a hanyar shiga ɗaki, ya duƙa ya matsa gwiwar, ya ce, "Aikina na nan." Ya ce da na yi rawar ma shi ba ruwansa. Ka ga zatonka ya yi daidai.

Shugaba ya bar ni ina jira har mako ya juyo. Da ya kira ni bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ba abin da na ce ka yi ke nan ba." Na ce haka ne. Sai ya ce, "Amma na ce in ga haƙoranka, kuma duk gari ya gani." Shekara ɗaya ya ba ni, ba biyun da na nema ba. Ya kuma gaya mini gaskiya: sun sayo wani matashi, shi zai riƙa farawa, ni daga benci zan riƙa shigowa, in kuma koya masa tafiyar gajiya. Da shekarun baya ne da na ɗauki jakata. Na sa hannu.

Na kai wa amaryarka labari. Washegari ta fita ta sayo wani kabad mai nauyin tsiya, sai da rabin ƙungiya suka kama kafin ya hau bene. Kyaftin ya ce duk kulob ɗin da zai saye ni nan gaba sai ya haɗa da kabad ɗin.

Na so in zo in gan ka a hutun nan, amma likita zai ɗan wanke gwiwar, ba zan iya doguwar tafiya ba. Ba zan yi maka alkawarin rana ba don kada in saɓa. Ina nema dai. Ka ce wa mai aski ya buɗe durowa.

Jikanka, Maraya mai gata.

*

Jikana,

Alhamdu lillahi. Na karanta takardarka a ɗaki, na sake karanta wa shago da ƙarfi. Mai aski ya buɗe durowa ya miƙo mini takardata, na ce ya goge reza da ita.

Jiki sai a hankali. Likita ya canza mini ƙwayoyi, ya daɗe yana kallon hoton ƙirjina bai ce komai ba. Ni ma ban tambaye shi ba.

Kada ka wahalar da gwiwar nan saboda ni. Ka samu wurin zama, ka zauna. In hali ya yi ka zo, in bai yi ba ai ina ganinka, har na fi Goggonka sanin yadda kake tafiya.

Na tambayi mai aski yadda ake ganin wanda ke benci. Ya ce sai can wajen ƙarshen wasa ake sako irinku, lokacin da na baya suka gaji. Ke nan dole in daina gyangyaɗi bayan hutun rabin lokaci. Ya ce kuma sai nan da wata biyu za a koma. Na ce ya ajiye mini kujerar.

Roƙo ɗaya gare ni. Ka rubuto mini waɗanda ba ka taɓa sa rigarsu ba a gasar nan, da lokacin da za ku haɗu da su. Ina so in ga yadda kake yi in ba ka jin nauyin kowa. Ko biyu ne, sun ishe ni jira.

Kakanka.